Masu Farautar Dodanni da Yaran da Ke Kallonsu

Idan uwa ta leƙo falo ta tarar ɗanta ya ƙura wa talabijin ido, ana nuna wasu Turawa cikin kwalekwale da fitilu suna neman dodo a ƙarƙashin tafki, abin da takan fara aunawa shi ne ko yaron zai razana ya kasa barci. Damuwa ce mai tushe, sai dai a ganina akwai wadda ta fi ta. Yara a kowace al'umma sun daɗe suna jin labarin dodanni, kuma yawancinsu sun girma lafiya lau. Abin da ya raba waɗannan shirye-shiryen bincike da labaran da muka gada shi ne rigar da suke sanyawa: mai sharhi da murya mai natsuwa, masani zaune gaban kantar littattafai, na'urori masu ƙyaftu, taswira da alƙaluma. Wannan rigar ita ce wadda makaranta ta koya wa yaro cewa gaskiya ce ke sanya ta. Duk wanda ya bi tarihin sana'ar farautar dodanni, tun kafin a ƙera talabijin, zai ga aron wannan riga shi ne jarin sana'ar tun farkonta, kuma daga nan ya kamata a yanke hukunci kan abin da ya dace yaro ya kalla.

A shekarar 1842, a birnin Niyu Yok na Amurka, wani ɗan kasuwar nishaɗi mai suna P. T. Barnum ya yi hayar wata busasshiyar halitta da aka haɗa da hannu, kai da ƙirjin biri aka ɗinke da jelar kifi. Barnum ya san idan ya ajiye ta a teburi ya ce ga 'yar ruwa, dariya za a yi masa. Saboda haka sai ya fara da aika wasiƙu zuwa jaridu daga garuruwa daban-daban, ana ba da labarin wani Dakta Griffin, masanin halittu daga wata cibiyar ilimi a Ingila, wanda ya zo da abin mamaki daga tsibiran Fiji. Babu cibiyar, babu likitan. Abokin aikin Barnum ne, Levi Lyman, ya rikiɗa ya zama masani, yana yi wa jama'a lacca da fuska a murtuke. Jaridu suka buga zanen kyawawan 'yan ruwa da Barnum ya raba musu, mutane suka yi ta tururuwa suna biyan kuɗin shiga don su ga ƙwarangwal ɗin biri. Kayan aikin sana'ar ke nan sun cika tun ranar: abin kallo wanda ba ya barin a gan shi da kyau, masanin aro, da jarida mai yunwar labari. Shekara 170 bayan haka, kamar yadda za a gani, wata babbar tashar talabijin ta maimaita wasan Barnum kusan ba canji, har da 'yar ruwan.

Amma inda sana'ar ta yi gidan kanta shi ne tafkin Ness, wanda mutanen wurin ke kira Loch Ness, a arewacin Sikotland kusa da garin Inverness. Tafki ne dogo siriri, kimanin kilomita 36, zurfinsa ya kusa mita 230, ruwansa baƙi ƙirin saboda ruɓaɓɓen ciyayin da ƙoramu ke wankowa daga duwatsu, har mai nutso ba ya ganin abin da ke gabansa bayan 'yan mitoci. Masu shirye-shirye suna son fara labarin daga wajen shekarar 565, lokacin da aka ce wani waliyyin Kirista mai suna Columba ya kori wata dabbar ruwa da addu'a. Ba su cika faɗar cewa an rubuta labarin ne fiye da shekara 100 bayan haka ba, cikin littafin karamomin waliyyin, kuma a kogin Ness aka ce abin ya faru, ba a tafkin ba. Dodon da duniya ta sani a yau haifaffen 1933 ne. A lokacin ana gyaran hanyar mota da ta bi gefen arewa na tafkin, an sare itatuwa, matafiya sun fara ganin ruwan sarai. Ran 2 ga Mayu jaridar Inverness Courier ta buga labarin wasu mata da miji, masu kula da otal a ƙauyen Drumnadrochit, da suka ce sun ga wani ƙaton abu yana birgima a ruwa. A watan Yuli wani mutumin Landan, George Spicer, ya ce wata halitta mai dogon wuya ta tsallaka hanya a gaban motarsa. A wannan shekarar ce kuma fim ɗin King Kong ya cika gidajen sinima, kuma a cikinsa akwai wata dabbar zamanin dā mai dogon wuya da ke tasowa daga ruwa ta far wa mutane. Masu nazari da yawa sun lura da yadda dodon tafkin ya ɗauki kamannin na sinima cikin 'yan watanni.

A watan Disamba jaridar Daily Mail ta Landan ta ɗauki hayar wani mafaraucin manyan namun daji, Marmaduke Wetherell, ta tura shi tafkin. Cikin 'yan kwanaki ya samo manyan sawaye a bakin ruwa, jarida ta yi ta shelar cewa dodo gaskiya ne. Da aka aika siffar sawayen gidan adana tarihin halittu na Landan, masana suka duba suka ce sawun dorina ne, kuma duk ƙafa ɗaya ce ta yi su, busasshiyar ƙafa irin wadda Turawan lokacin ke ƙawata ɗaki da ita. Wetherell ya sha kunya. Wata huɗu bayan haka, ran 21 ga Afrilu 1934, jaridar nan dai ta buga hoton da ya zama tambarin dodon har gobe: wuya siriri da ɗan ƙaramin kai sun fito daga ruwa. An ce wani likitan mata na Landan, Robert Kenneth Wilson, ne ya ɗauka, kuma da sunan hoton likita aka san shi. Sai a 1994 gaskiya ta fito fili, bayan agolan Wetherell, Christian Spurling, ya faɗa wa wasu masu bincike biyu kafin rasuwarsa cewa shi ya ƙera abin. Jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara da aka saya a kanti, aka liƙa masa kai da wuyan da ba su kai kamu ɗaya ba, don Wetherell ya rama wulaƙancin da jaridar ta yi masa. Likitan kuwa an sa shi ne ya kai hoton saboda ba a tsammanin ƙarya daga mai irin matsayinsa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan shekara 60 aka yi ana tafiya cikinsa, ana buga hoton a littattafan yara da mujallu a duk duniya, kuma abin da ya riƙe shi duk tsawon lokacin laƙabin mutumin da ya miƙa shi ne.

Da talabijin ta shigo, gādon nan ta tarar. A 1960 wani injiniyan jiragen sama, Tim Dinsdale, ya ɗauki wani duhun abu yana tafiya a kan tafkin, BBC ta nuna a shirinta na Panorama, wato shirin da ake kawo manyan al'amuran ƙasa. Daga 1962 zuwa 1972 wata ƙungiyar masu sa kai ta yi gadin tafkin da kyamarori ba ta samo komai tsayayye ba. A can Amurka kuma, a 1958, wani direban katafila a dajin Bluff Creek na Kalifoniya ya ga manyan sawaye kamar na mutum, jaridar yankin ta raɗa wa mai su suna Bigfoot. Sai bayan rasuwar ɗan kwangilar wurin, Ray Wallace, a 2002, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da suka ce da su yake wannan tsokana. Tsakanin 1977 da 1982 aka yi shirin In Search of, wanda ɗan wasa Leonard Nimoy ya gabatar, kuma shi ya kafa salon da ake bi har yau: kiɗa mai sa gaba ta faɗi, shaidu ɗaya bayan ɗaya, masani mai shakka da ake ba daƙiƙa kaɗan, sannan a rufe da tambaya. Don adalci, shirin yakan faɗa tun farko cewa wani ɓangarensa hasashe ne. Amma a lura da lissafin kasuwar da ke ƙarƙashi. Shirin da ya ce mun duba, babu komai, ya kashe kashinsa na gaba. Shirin da ya kama dodon shi ma ya ƙare. Riba tana cikin kusan-kamawa, saboda haka dole kowane mako a ji ƙara a daji, a ga inuwa, baturi ya mutu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Shirin Finding Bigfoot na tashar Animal Planet ya yi daga 2011 zuwa 2018, kashi kimanin 100, bai samo ko gashin abin da sunansa ya yi alkawari ba.

Daga barin tambaya a buɗe zuwa ƙirƙirar amsa taki ɗaya ne, kuma an yi shi. A 2012 Animal Planet ta nuna wa Amurkawa shirin Mermaids: The Body Found, inda wasu da aka gabatar a matsayin tsofaffin masanan hukumar kula da teku ta Amurka suka ba da labarin gawar 'yar ruwa da gwamnati ta ɓoye. 'Yan wasan kwaikwayo ne dukansu, hotunan kuma kwamfuta ce ta zana su. Tambayoyi suka yi yawa har hukumar ta gaskiya, NOAA, ta fitar da sanarwa cewa ba a taɓa samun shaidar mutanen ruwa ba. Kashi na biyu da aka nuna a 2013 ya ja masu kallo kimanin miliyan 3.6, adadin da tashar ba ta taɓa samu ba. A watan Agustan shekarar tashar Discovery ta yi irin haka da wani ƙaton kifin shak mai suna megalodon, wanda masana suka ce ya ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce, ita ma da masanin aro da hotunan jabu. Abin da ya sa wannan ya fi na Barnum muni shi ne wurin da aka yi shi. Wanda ya shiga rumfar Barnum ya san wurin wasa ya shiga. Waɗannan kuwa tashoshi ne da iyaye ke kunna wa yara da kwanciyar hankali, su ce gara su kalli dabbobi su ƙaru.

Me aka sani game da yadda yaro ke karɓar irin wannan? Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin, ta gano cewa tsoro yana sauyawa da shekaru. Ƙanana, 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, siffa ce ke firgita su, mummunar fuska ko haƙora, kuma ce musu abin ƙarya ne ba ya yi musu magani sosai. Waɗanda suka haura haka sun fi tsoron abin da zai iya faruwa da gaske, su kuma jin cewa abu ƙirƙira ne yana kwantar musu da hankali. A ɗora shirin farautar dodo a kan wannan ma'auni. Ga ƙaramin yaro, akwai dodon da kwamfuta ta zana yana buɗe baki. Ga babba, maganin tsoronsa ɗaya ne, a ce masa babu wannan abin, kuma shirin gaba ɗaya an gina shi ne don ya karya wannan magana. Wani binciken da Jacqueline Woolley ta Jami'ar Texas da abokiyar aikinta suka buga a 2006 ya taɓa ainihin wurin. Sun ƙirƙiro wasu abubuwa da sunayen da babu su, suka gaya wa wasu yara cewa likitoci ko masana kimiyya na amfani da su, wasu kuma aka haɗa musu abin da halittun almara. Yaran da aka ambata musu masana sun fi yarda cewa abin akwai shi. Wannan ba wauta ba ce daga yaran, hankali ne. Yaro bai taɓa ganin ƙwayar cuta ko duniyar Mars ba, ya yarda da su ne saboda ya koyi wanda ake yarda da maganarsa. Shirin da ya sa ɗan wasa a kujerar masani yana cin amanar wannan dabarar ce, wadda duk karatun yaron ya dogara a kanta.

Masu kare tashoshin sukan ce ai an rubuta gargaɗi, kuma ba lokacin yara aka sa shirin ba. Gargaɗin shirin 'yar ruwa da na megalodon 'yan layuka ne da suka wuce cikin daƙiƙu, manya ma da yawa ba su gan su ba, balle yaron da bai gama iya karatu ba. Batun lokaci kuwa Birtaniya ta riga ta gwada shi. Can akwai ƙa'idar ƙarfe 9 na dare, wadda bayanta ake sa abin da bai dace da yara ba. Ran 31 ga Oktoba 1992, bayan ƙarfe 9, BBC ta nuna Ghostwatch, wasan kwaikwayo da aka shirya shi tamkar binciken kai-tsaye a wani gida mai fatalwa, da sanannun masu gabatarwa na gaske, Michael Parkinson da Sarah Greene, wadda yara suka saba gani a shirye-shiryensu. Dubban mutane suka yi ta buga waya a firgice ko a fusace. A 1994 mujallar likitocin Birtaniya ta buga rahoton yara maza biyu 'yan shekara 10 da suka yi fama da ciwon firgici na tsawon watanni bayan kallon shirin. Hukumar kula da ɗa'ar watsa shirye-shirye ta ƙasar ta yanke cewa nuni kawai bai isa ba, wajibi ne tashar ta fayyace yaudarar, ta kuma ce ganin fuskokin da aka sani daga shirye-shiryen yara ya sa wasu iyaye sun saki jiki. Fatalwar shirin ba ta kai ta finafinan ban tsoro muni ba ko kusa. Abin da ya yi ɓarnar shi ne an ce da yaro wannan yanzu yake faruwa, kuma waɗanda ya amince da su ne suka faɗa.

Wani zai ce mu da muka tashi da Dodo a tatsuniya, mai haɗiye mutane da shanu, ina bakinmu na sukar dodon Bature? Wannan hujjar ce ma ta fi nuna bambancin. Tatsuniya tana da ƙofa. Mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, kowa ya san an shiga wata duniya inda Gizo ke magana da sarki. In an gama a yi ƙurunƙus, mai bayarwa ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta shirga. Da dare ake yi, cikin taro, kusa da jikin kaka ko goggo wadda ke kallon fuskar kowane yaro, in ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa ta sassauta, ko ta sa Dodo ya yi wata wautar a yi dariya. Kuma Dodon tatsuniya kusan kullum a ƙasa yake ƙarewa, auta ko wata yarinya mai wayo ta ga bayansa. Yaro ya ɗanɗani tsoro gwargwadon ƙarfinsa, aka fito da shi ta ƙofar da ya shiga. Shirin farautar dodo ya toshe ƙofar nan da gangan. Ba ya cewa ga ta nan, ba ya yin ƙurunƙus, ba ya ganin fuskar mai kallo, kuma yana rufewa da cewa abin yana nan a waje har yanzu. Ga kuma abin da wayar hannu ta ƙara: guntayen irin waɗannan shirye-shirye ana yanko su a yaɗa a WhatsApp da TikTok, babu sunan tasha babu ɗan gargaɗin ma, su isa hannun mutanen da dama can suna da labarin 'yan ruwa, kowa ya ce gani ya kori ji.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa ai wasu dodannin sun tabbata. Gaskiya ne. Mutanen kurmin Kwango sun san okapi, ɗan'uwan raƙumin dawa mai zanen jakin dawa a ƙafafu, tun kafin masanan Turai su yarda da shi a 1901. A 1938 masunta a gabar Afirka ta Kudu suka kamo wani kifi, silakan, da ake zaton ya ƙare tun zamanin dā, wata ma'aikaciyar gidan tarihi, Marjorie Courtenay-Latimer, ta gane ba kifin banza ba ne. Ƙatuwar halittar teku mai hannuwa goma da matuƙan jirage suka daɗe suna ba da labari, masanan Japan sun ɗauki hotonta da rai a 2004. Amma a duba yadda kowanne ya tabbata: fata da ƙoƙon kai, gawa a kan teburi, hoto tsaf da wasu masana za su iya tantancewa. Duk sun fito ne daga kurmi mai nisa ko teku mai zurfi, ba daga tafkin da hanyar mota ta kewaye ana gadinsa da kyamara shekara 90 ba. Tafkin Ness ƙanƙara ce ta rufe shi har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma kifin da ke cikinsa bai isa ciyar da garken manyan dabbobi ba, dabba kuwa ba ta wanzuwa ita kaɗai ɗaruruwan shekaru sai da garke. Abin takaici, Discovery ɗin da ta nuna bidiyon gaske na waccan halittar teku a Janairun 2013, wanda ta ɗauka tare da tashar NHK ta Japan, ita ce ta nuna megalodon na jabu wata bakwai bayan haka, da irin murya ɗaya da irin kiɗa ɗaya. Yaron da ya kalli duka biyu ba shi da abin da zai raba su da shi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a hana yara batun dodanni gaba ɗaya, domin tarihin nan yana da wani reshe mai kyau. Sha'awar dodo na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na koya wa yaro yadda ake tantance magana, in shirin ya yarda ya kai ƙarshen bincikensa. A 2003 BBC ta share tafkin Ness daga wannan baki zuwa wancan da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa, ta fito ta ce ba ta ga komai ba. Sannan masu shirin suka yi abin da ya fi wannan amfani: suka nutsar da turken shinge a ruwa, suka ɗago shi a gaban wasu 'yan yawon buɗe ido, daga baya aka ce su zana abin da suka gani. Yawanci sun zana abu mai kusurwa, amma wasu sun zana kan dodo. Ɗan shekara 10 da ya ga wannan ya koyi abin da zai amfane shi har tsufa game da ido da zuciya. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago a Niyu Zilan ya ɗebi ruwan tafkin a wurare masu yawa ya binciki ɓurɓushin ƙwayoyin halittar da kowane mai rai ke zubarwa, bai samu alamar wata dabba mai rarrafe ba, sai tarin alamun wani dogon kifi mai siffar maciji. Haka nan shirin River Monsters na Jeremy Wade, daga 2009 zuwa 2017, yakan fara da labarin dodon kogi da masunta ke bayarwa, ya saurare su da mutunci, ya ƙare da kifi na gaske a hannu, da sunansa da dalilin da ya sa yake cizo, kodayake akwai jini da raunuka a ciki da ba su dace da ƙanana ba. A 2017 wasu masana suka gwada samfura 9 da aka ce na Yeti ne, dodon duwatsun Himalaya, 8 suka fito na dabbar beyar, ɗaya na kare. Irin wannan amsar ba ta rage wa labari daɗi. Yara na son a warware musu sirri fiye da yadda masu tashoshi ke zato.

Saboda haka ma'aunin da nake gani shi ne ƙarshen shirin, ba girman haƙoran dodonsa ba. Yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba babu abin da zai samu a waɗannan shirye-shirye sai siffar da za ta bi shi shimfiɗa. Tatsuniya da shirin dabbobi na gaske sun ishe shi. Wanda ya haura haka zai iya kallon shirin da ke faɗin abin da ya samu da abin da bai samu ba, zai fi kyau da babba a kusa mai tambayarsa wa ya ɗauki hoton, me ya sa kullum dishi-dishi yake, wa ke cin riba in aka yarda. Shirin da ya sa 'yan wasa a matsayin masana kuwa bai dace da yaro ba ko da rana tsaka aka nuna shi, sai dai a nuna masa da niyyar tona asirinsa. Kada kuma a jira tashoshin su gyara da kansu. A farkon 2015 sabon shugaban Discovery ya ce sun daina shirye-shiryen jabu, amma salon kusan-kamawa bai je ko'ina ba, domin akwai masu ci daga gare shi tun daga tashoshi har masu otal da jiragen yawo. A watan Agustan 2023 aka yi farautar dodon Ness mafi girma cikin shekara 50, da jirage marasa matuƙi da na'urorin sauraren ƙarƙashin ruwa da 'yan jarida daga ƙasashe da dama. Cibiyar baƙi ta Drumnadrochit ce ta shirya ta, wadda ke cikin tsohon otal ɗin nan da masu kula da shi suka fara ba da labari a 1933. Jagoran masu binciken ya shaida wa 'yan jarida cewa sun ji wasu sautuka huɗu masu ban mamaki a ƙarƙashin ruwa, sai dai da suka duba, ashe ba a jona na'urar naɗar sautin ba.